Ƙarfen Ragon Layya

Har yau ba na gaishe da yayana da daɗin rai. Ina durƙusawa, ina cewa ina kwana, don haka aka rene mu, amma shi ma ya san fatar baki ce kawai. Kuma dalilin bai wuce darbejiyar tsakar gidanmu ba.

Gidanmu na gado ne, a cikin Birnin Zariya, can ƙuryar wani lungu da ko keke napep sai ya yi dabara yake shiga. Da mijina ya rasu na dawo gida, aka ba ni ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Soro ne na ƙasa, rufin azara da bakan gizo, irin wanda magina yanzu ba sa ko kwatantawa. A ciki aka haife ni, a ciki Inna ta cika a hannuna. Ban gaji komai a gidan nan ba sai shi, kuma ban nemi komai ba bayansa. Darbejiyar tana tsaye kamar taku goma daga ƙofarsa, ta karkato kansa tun ina yarinya, ita ke ba shi inuwa.

Yaya ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya dawo mana da sanin komai. Mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba, rannan ya tashi ya ce bishiya ta tare masa wuri, falo zai gina na bulo don baƙinsa. Ban so ba, amma ban yi musu ba. Abu ɗaya na roƙa, a kira wanda ya san aikin.

Aka kira wani mai injin zarto daga Tudun Jukun, dattijo mai ɗan furfura, ba shi da yawan magana. Ya zagaya bishiyar sau biyu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ba a kayar da ita gaba ɗaya. Sai an hau, an sare rassa ɗaya bayan ɗaya, ana sauke su da igiya, har a bar gangar jikin kaɗai. Ita ma sai an yi mata baki ta ɓangaren kangon da ke gefen gidanmu, inda ake so ta faɗa, an ɗaure ta an ja, sannan a yanka ta baya. Ya ce aikin kwana biyu ne. Ya kuma tambaya ko an taɓa kafa ƙarfe a jikinta, domin sarƙar inji in ta ci karo da ƙarfe, kan mai riƙe da ita take dawowa.

Na buɗe baki ke nan, Yaya ya riga ni. Wai kwana biyu a kan bishiya ɗaya, ai raina wa mutane hankali ne. Ya sallami bawan Allah ko ruwa ba a ba shi ba. Ni na bi shi zaure na ba shi haƙuri, na karɓi lambarsa. Ya ce, Hajiya, ko wa zai yi, kada ki bari a taɓa gindinta kafin a rage mata kai.

Bayan kwana uku sai ga Yaya da inji, ya aro wurin wani abokinsa mai gona. Ya fito da safe cikin riga mai faɗin hannu, da hula, da silifas, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Dattijon nan na ga hular kwano da safar hannu da tabarau da manyan takalma a buhunsa. Yaya ko ɗaya babu, sai tumbi da isa.

Ni kuwa na san abin da ke cikin bishiyar nan. Baba ya sa maƙeri ya ƙera masa wani ƙaton ƙarfe mai zobe, aka kafa a gindinta daidai gwiwa, ta ɓangaren kango, nan ake ɗaure ragon layya kowace shekara. Ni ke kai wa ragon dusa da harawa, lokacin Yaya yana makarantar kwana, sai dai ya dawo ya tarar da soye. Bayan rasuwar Baba aka daina, itace ya yi ta girma har ya haɗiye ƙarfen, ba a ganin komai sai ɗan kumburi a ɓawon.

Na matsa kusa na ce, “Yaya, ƙarfen ragon Baba yana nan ciki, daidai inda za ka sa injin. Kuma in ka yanka ta nan, kan ɗakin Inna za ta zo.”

Bai ko dube ni ba. Ya ce, “Bishiya inda aka yanke ta take faɗawa. Ke da kika dawo mana zaman gida, yaushe kika zama injiniya? Koma ki ji da tukunyarki.”

A gaban matarsa ya faɗa, da maƙwabta biyu da suka shigo kallo, har ɗayansu ya yi dariya. Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Na juya na koma bakin murhu, na ce a raina ya je ya gani. Wannan juyawar ita ce abin da nake jin haushin kaina a kai har gobe. Da na tsaya a jikin bishiyar na ƙi matsawa, da ba a yi ba.

Ya tayar da inji bayan ya ja igiyarsa ya fi sau goma, gidan ya cika da ƙara da hayaƙi. Ya kafa shi ta ɓangaren kango yana dannawa da ƙarfin tsiya, garin itace na fesowa a rigarsa, yana waiwayen masu kallo yana murmushi. Abin da bai sani ba, kuma ya ƙi a gaya masa, wannan ɓangaren ne ke riƙe da bishiyar kada ta faɗa wa ɗakina. Injin ya ci ya wuce rabi. Da yankan ya fara yi masa gardama sai ya zaro injin ya cusa tsininsa.

Ƙarar da na ji ba ta itace ba ce. Tartsatsi ya tashi, injin ya yi tsalle sama ya dawo masa, ya kama hannun rigar ya yage, ya tsaga masa dantse. Allah ne ya sa ba wuya ba. Jini ya ɓata farar rigar, matarsa ta fasa ihu, aka ɗaure hannun da ɗankwalina, aka kwashe shi sai asibiti. Kowa ya bi. Ba wanda ya waiwayi bishiyar.

Aka bar ni ni kaɗai da ita, tana ƙara ƙas, ƙas, a hankali. Na kira dattijon nan, ya ce yana wani ƙauye, ba zai iso ba sai la'asar. Ya ce ko ya zo ba mai hawanta yanzu, kuma don Allah kada in shiga ɗakin. Na shiga. Sau biyu na shiga, na fito da akwatin Inna da Alƙur'aninta da ƴan kwanoninta. Ban koma na uku ba.

Ana kiran azahar ƴar iska ta kaɗa, ba wata iskar kirki ba. Ina tsaye bakin rijiya na ga ta tafi a hankali ta kwanta a kan soron. Azara ta kakkarye, bakan gizon ya rufta, gadon da Inna ta cika a kai ya koma ƙarƙashin ƙasa. Ban yi kuka ba a lokacin. Baƙin ciki ya yi mini yawa.

Da la'asar dattijon ya iso, ya dubi ɓarnar. Ya sa gatari ya fasa kututturen, ya zaro ƙarfen, zoben na nan da sawun haƙoran sarƙa a jiki, ya miƙo mini.

Sati guda ana shigowa jaje. Ƴan'uwa, abokan aiki, mutanen unguwa, kowa ya wuce ta gefen tarin ƙasar ya shiga wurin Yaya yana sannu Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Shi kuma yana kishingiɗe da hannu a naɗe yana cewa ƙaddara ce, wa zai san akwai ƙarfe a cikin itace. Ina jin sa daga ɗakin ajiyar hatsi, inda aka shimfiɗa mini katifa. Ni ko mutum ɗaya bai yi mini jajen ɗaki ba.

Falon an gina shi, ya haɗe har da inda ɗakin Inna yake. Ranar da aka sa kujeru na ɗauki ƙarfen na je na ajiye masa a kan tebur, a gaban baƙinsa. Na ce, “Yaya, ga abin da ka ce ba wanda ya sani.” Washegari na tsinci ƙarfen a bola, na wanke shi na sa a akwatin Inna.