Farin da ke Ƙafar Dokin Wakra

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da Baffana, ƙanen marigayi mahaifina. Kafin mu shiga mota sai da na leƙa barga na duba Talatu, goɗiyar da wannan tafiya gaba ɗaya saboda ita aka yi. Ita kaɗai ta rage a cikin dawakin mahaifinmu. A kanta ya buga wasan folo na ƙarshe a rayuwarsa, a kanta kuma na koyi zama bisa sirdi, yana riƙe da linzami yana yi mini dariya. Yanzu ta manyanta, kuma ba ta bar mana 'ya mace ba. A iya abin da na karanta a makarantar likitancin dabbobi, wadda ban daɗe da gamawa ba, ciki ɗaya ya rage mata, wataƙila biyu in an yi sa'a. In aka yi kuskuren zaɓen namiji, jinin bargarmu ya ƙare ke nan.

Hanyar Kano ba ta ba mu wahala ba, in ban da ramukan wajen Bichi da suka tashi Baffa daga gyangyaɗi. Jirginmu na zuwa Doha ya yada zango a Habasha, inda muka zauna har ƙafafuna suka yi tsami. Na duba fasfo ɗina sau ba adadi, har Baffa ya ce, "Likita, in ka ƙara zaro shi zan karɓe in sa a hulata." Tun da na gama karatu yake kirana Likita, kuma har yau ban tantance ko girmamawa ce ko tsokana ba.

Ba doki muka je saya ba, gara in faɗa tun yanzu, domin da yawa sun tambaye ni. Dokin da aka haifa a can, in aka kawo shi nan, sau da yawa damina ɗaya take kayar da shi, saboda ciwon da ƙwari ke yaɗawa wanda namu na gida suka fi jurewa. Abin da muka je nema shi ne irin namiji a daskare, wanda ake sa wa goɗiya ba tare da an kai ta baye ba. Baffa ya daɗe bai yarda da wannan hanya ba. Abin da ya sauko da shi hoton wani farin ingarma ne da ake ta yaɗawa a waya, mai dogon wuya da ƙaramar fuska, wanda aka ce masu kuɗin duniya layi suke yi a kansa.

Babban ɗan Baffa, wanda yake aikin injiniya a Doha, shi ya tarbe mu. Da ƙofar filin jirgin ta buɗe, iska ta buge ni kamar an buɗe murfin tukunya. Gidansa a Misaimir yake, unguwa mai shiru, gidaje kala ɗaya, ba yaro ko ɗaya a waje. Ko'ina aka duba gini ake yi, an tona titi ana shirin jirgin ƙasa, hanyar da ka bi jiya yau an toshe ta. Abin da ya fi mini araha a garin shi ne shayin da suke kira karak, riyal ɗaya, ka tsaya da mota ka danna oda a kawo maka. Baffa ya sha ya ce mai shayin Ƙofar Soro ya fi su hannu, amma kullum shi yake fara cewa a tsaya.

Mun fara zuwa gonar farin ingarman, can bayan gari. Ban taɓa ganin barga da na'urar sanyaya ɗaki ba sai ranar. Dokin kuwa kyakkyawa ne, ba zan rage masa komai ba. Sai dai da aka zagaya da shi, na ga kamar ƙafafunsa sun yi siriri, kuma da na tambaya aka ce bai taɓa tsere ba, nuna shi kawai ake yi. Mu kuma dokin da zai juya da gudu a filin folo muke so. Na so in faɗa, na kasa. Baffa yana ta "Masha Allah", ni kuma ina tunanin wane ne ni, da takardar da ko tawadarta ba ta gama bushewa ba.

Da yamma ɗan Baffa ya kai mu unguwar Najma cin abinci. Can ne na ji kamar na dawo Sabon Gari: cunkoso, shagunan canji, ma'aikata suna zaune bakin hanya suna waya da gida. A wani ɗan gidan abinci muka haɗu da wani mutumin Zangon Kumasi, direban motar da ke raba abincin dawaki a gonaki. Da ya ji Hausarmu sai ya jawo kujera ba gayyata.

"Alaji, kai ma fari doki nan ka zo gani? Kowa shi ne! Akwai wasu, ba wanda ya tambaya su, suna nan suna ci abinci kawai."

Baffa ya yi dariya ya ce, "To ai mu ma muna nan muna cin abinci kawai." Amma ya yarda mu bi shi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne na fi jin daɗinsu. Mun shiga ƙananan bargogi waɗanda ba su da allo a ƙofa. Mun ga wani baƙi mai tsallake shinge, ƙaƙƙarfa, sai dai ya yi wa Talatu tsawo a ganina. Mun ga wani gajere da ya yi shekaru yana tsere bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma taɓa gurguncewa ba, abin da ni a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Laifinsu ɗaya, ba a san su ba: masu su ba sa talla, masu goɗiyoyi kuma suna bin sunan da kowa ke faɗa. Warin bargogin nan, na dusa da fitsari da zufar doki, ya mayar da ni safiyoyin da mahaifina yake tashina in riƙe masa bokiti yana jiƙa kanwa. Ban zaci zan ji wannan wari a ƙasar da ake goge titi da mota ba.

Na ƙarshe a kusa da garin Wakra na bakin teku yake, wajen wani dattijo Balarabe. Jan doki ne, ba shi da wani kyan fuska, amma ƙirjinsa faffaɗa, gadon bayansa gajere, cinyoyinsa cike. Ya yi tseren dogon zango a cikin rairayi har ya gaji da shi, aka ajiye shi. Na saurari zuciyarsa, na ɗaga kofatansa, na sa aka yi sassarfa da shi, ban ga abin kushewa ba. Ina juyowa na ga Baffa ya riga ya kai bakin ƙofa.

A gidanmu akwai doka tun daga kakanmu: ba a ɗaure dokin da yake da fari a ƙafar gaba ɗaya da ta baya ɗaya a gicciye, ba a kuma karɓar jininsa. Wannan kuwa yana da fari a ƙafar baya ta dama da ta gaba ta hagu.

"Baffa, ina ganin da za a ƙara dubawa..."

"Likita, ubanka bai ɗaure irinsa ba, ni ma ba zan fara a kan goɗiyarsa ba. Halas, magana ta ƙare, kamar yadda suke cewa a nan."

Dattijon bai ji Hausa ba, amma ya ga fuska. Bai yi fushi ba. Ya ce ta bakin ɗan Baffa mu zo da safe bakin teku, yakan kai dokin wanka, mu ci kifi. Baffa ya amsa don kifin.

Wakra da safe ta fi ko'ina kwanta mini a rai. Jiragen katako na masunta suna jere, ana sauke kifi a kwanduna, ruwan ya janye ya bar laka mai sheƙi. Dokin ya shiga har ƙirji, ya fito yana feshi da hanci. Da ya tsaya kusa da ni, gashin ƙafafunsa ya kwanta saboda jiƙa, fata ta bayyana. Ta baya, ƙarƙashin farin, fatar ja-ja ce, kofaton ma fari. Ta gaba kuwa fatar baƙa ce, kofaton baƙi ƙirin, kuma farin bai ma sauka har ƙasa ba, zagaye ya yi kamar awarwaro. Farin haihuwa yawanci da fata ja-ja yake zuwa. Wannan na gaban gashi ne da ya canja bayan rauni. Aka tambayi dattijon, ya ce tun yana ɗan dukushi aka ɗaure masa ƙafar da bandeji, aka matse fiye da kima.

Na san in na yi shiru yanzu shi ke nan. Na ce, "Baffa, don Allah zo ka tsuguna ka gani da idonka. Wannan ba farin haihuwa ba ne. Irin na Talatu ne, na wurin igiya."

Duk wanda ya girma a gidanmu ya san wannan zoben fari a ƙafar Talatu, inda igiyar turke ta ci ta shekarar da mahaifina ya kwanta asibiti, barga ta rasa mai kula. Baffa ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna a cikin laka, ya sa babban yatsa ya baje gashin. Ya daɗe a haka, fiye da yadda duba ƙafa yake buƙata.

"Ka tabbata?"

Duk rayuwata da "wataƙila" nake amsa irin wannan tambaya. Na ce, "A kan ƙafar, na tabbata. Abin da za ta haifa kuwa, ban isa in yi maka alkawari ba."

Ya miƙe yana karkaɗe riga ya ce, "Yau dai ka yi magana kamar likita. Yalla, mu je, ina kifin?"

Sauran kwanakin a kan takardu suka tafi, gwajin lafiyar dokin da izinin shigo da irin, kuma har muka taso ba a gama ba. An ce tulun da za a zubo daskararren irin a ciki zai biyo mu in komai ya daidaita. Ina fata haka, ko da yake ban cika sakin jiki da alkawarin takarda ba. Mun yi sallama da mutumin Kumasi a Najma, Baffa ya ba shi ƙullin kilishin da ya ɓoye tun daga gida, wanda ni ma ban san da shi ba.

Mun iso Katsina da la'asar. Abin da na koyo bai da yawa: dokin da ya dace da kai ba lallai ne ya zama wanda ake layi a kansa ba, kuma kafin ka ƙi abu saboda dokar gida, ka matsa kusa ka tabbatar shi ne dokar take nufi. Ko jakata ban shigar ba na wuce barga. Talatu ta yi haniniya ƙasa-ƙasa kamar yadda take yi wa mahaifina. Na tsuguna na shafa zoben farin nan, sannan na kwance igiyar, na naɗe ta da tsumma mai laushi kafin na mayar. Ina ɗagowa na ga Baffa tsaye a bakin ƙofa, yana auna kusurwar barga da ido, inda muke ware wa goɗiya mai jego.