Ɗigon Jan Farce a Gindin Keke

Shekara talatin da huɗu Baba Mai Keke ya yi yana gyaran keken ɗinki, ba a taɓa dawo masa da aiki an ce bai yi ba. Duk keken da ya fita daga hannunsa da abu biyu yake tafiya. Na farko farin ƙyalle mai layin ɗinki uku, a maƙale ƙarƙashin allura, don mai kaya ya ga aiki da idonsa. Na biyu ɗigon jan farce guda ɗaya a gindin keken, can ciki inda ba wanda ke leƙawa. Wannan shi ne sa hannunsa. Jan farcen kuwa na matarsa ne, Umma, wadda ta yi mita har ta gaji, ta koma tana sayen kwalba biyu, ɗaya tata, ɗaya ta 'ya'yansa na ƙarfe.

Da mai ginin da shagonsa yake ciki ya sayar da wurin, aka fasa bango aka zuba wayoyi da fitilu masu ƙyalli, Baba ya kwaso kayan aikinsa ya dawo garejin gidan da suke haya. Teburi ɗaya, kujera ɗaya, gwangwanayen madara cike da noti, da tsohon buroshin haƙori da yake cire tsatsa da shi. Telolin da suka saba da shi ba su biyo shi ba, unguwar ta yi musu nisa. Wata huɗu yana zaune yana goge sukundireba, har babbar 'yarsa, ma'aikaciyar asibiti da yake kira Nas, ta karɓi wayarsa ta buɗe masa shago a wata manhajar saye da sayarwa. Ya riƙa sayen matattun kekuna, ya tashe su, ya ɗauki hoto, ya sa a kasuwa. Da wannan ake cin abinci a gidan, da shi ake biyan haya.

Ku zo ku ga Baba da waya! Tabarau a kan hanci, yatsa ɗaya, sai ya gaida mai saye, ya tambayi iyali da gajiya, kafin ya faɗi kuɗin keke. Cikin shekara uku taurarin da masu saye ke ba shi suka kai biyar saura ƙiris, kuma kullum sai ya duba su kafin ya karya.

Amma manhajar nan tana da doka: laifi uku a shekara ɗaya, a rufe shago. Baba kuwa yana ɗauke da biyu, kuma don Allah ku ji laifukan. Na farko, wata mata ce ta dawo da keke ta ce baƙinsa bai kai na hoto ba. Baƙi, jama'a! Keke yana ɗinki lafiya lau, amma aka rubuta wa Baba cewa kaya bai yi daidai da hoto ba. Na biyu, wani ne ya sa allura a juye, zare na ta tsinkewa, ya kai ƙara. Baba ya ji tausayinsa, ya tura masa lambar wayarsa, ya koya masa a minti biyu, keke ya tashi. Mutumin ya yi godiya har da addu'a. Manhaja ta rubuta laifi, wai ya yi hulɗa da mai saye a wajen kasuwa. Wato taimako ma laifi ne a wurin mutanen nan.

Ana cikin haka wani ya sayi keken da Baba ya fi ji da shi. Tsohon ƙarfe ne mai nauyi, baƙi da zanen ruwan zinariya, mako uku ya yi a kansa. Mai sayen ba shi da suna a shafinsa sai hoton wani jan fure, shi ya sa a gidan ake ce masa Mai Fure. Baba ya ɗiga jan farce, ya maƙala ƙyalle, ya naɗe keken da tsohon bargo, ya sa a kwali, ya zagaye shi da salatif kamar wanda zai tsallaka teku. Har da rubuta wa Mai Fure cewa ya riƙa ɗiga masa mai duk mako.

Kwana goma sha biyu da tafiyar keke, saura kwana biyu wa'adin dawo da kaya ya cika, sai ga ƙorafi: "Keke ba ya aiki. Mushe aka aiko min."

Mushe! Baba ya karanta sau uku, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ranar bai iya cin abincin rana ba.

Washegari da hantsi motar kamfanin kai kaya ta sauke kwalin da Mai Fure ya dawo da shi a bakin gareji. Kwalinsa ne, bargonsa ne. Ya yanke salatif, ya yaye bargo, sai warin tsatsa ya bugi hancinsa. Iri ɗaya ne da nasa, launi ɗaya, zane ɗaya, amma da ya kama dabaran, wato tayar gefe da ake juyawa da hannu, zai juya, ta tsaya ƙam. Ya zaro ƙoshiya, wurin da zaren ƙasa ke zama, ya tarar da yanar gizo-gizo a ciki, busasshiya. Wane gizo ne zai yi saƙa, ya zauna, ya tashi ya bar gida a kwana goma sha biyu? Ya kifa keken ya leƙa gindinsa. Babu ɗigo.

"Umma! Zo ki gani!"

Ta fito da ludayi a hannu. "Lafiya, Malam?"

"Leƙa nan. Kin ga jan farcenki?"

Ta leƙa, ta sake leƙawa, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Musanya ya yi? Ya riƙe naka ya aiko maka da gawar nasa? Kai, amma wannan Allah ya isa!"

Baba ya zauna ya rubuta wa manhaja bayani da yatsansa ɗaya, ya fi awa yana yi. Ya faɗi shekarunsa a sana'a, ya faɗi ƙyalle, ya faɗi jan farce, har gizo-gizo bai bari ba. Bai ajiye wayar ba amsa ta shigo, ko minti ɗaya ba a yi ba. An gode masa da tuntuɓa, damuwarsa damuwarsu ce, ya turo hoton lambar jikin keken da ya ɗauka kafin ya aika. Wane mahaluki ne ya karanta wasiƙar awa guda a minti ɗaya? Ba wanda ya karanta, na'ura ce ta amsa masa.

Lamba kuwa bai taɓa ɗaukar hotonta ba. Shi ɗinki yake ɗauka, kusa da kusa, don a ganinsa abin da mai saye ke son gani ke nan. Ya kifa mataccen keken ya ɗauki hoton gindinsa ya tura, ya rubuta, "Ga inda ɗigon ya kamata ya kasance." Suka ce wannan ba hujja ba ce. Washegari aka mayar wa Mai Fure kuɗinsa cas, aka rataya wa Baba laifi na uku, aka ce yana da kwana bakwai ya ɗaukaka ƙara, in ba haka ba shago ya rufu. Mai Fure ya ƙara da tauraro ɗaya da gargaɗin jama'a su guji wannan tsoho, macuci ne.

Wani zai wurgar da gawar keken nan a bola. Baba ba ya iya zama ɗaki ɗaya da keken da ba ya motsi. Kwana ɗaya ya yi yana harararsa, a na biyu ya jawo kananzir da buroshi.

"Malam, kanka ɗaya kuwa?" in ji Umma daga bakin ƙofa. "Keken ɓarawo kake wa hidima?"

"Keken bai saci komai ba," ya ce, bai ko ɗago ba. "Shi ma zaluntarsa aka yi. Dubi yadda aka bar shi ba mai."

Kwana huɗu ya yi a kansa. Ya kwance shi kaf, ya wanke, ya canza abin da ya ci, ya ɗaure. Da ya juya dabaran, keke ya ɗauki ƙara mai daɗi, ya zuba layi uku a farin ƙyalle ba tsallake ko ɗaya. Hannunsa ya kai ga kwalbar jan farce kafin ma ya yi tunani, ya ɗiga.

Ranar ce Nas ta zo gida, ranar hutunta, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Ta karɓi wayar ta buɗe shafin ɗaukaka ƙara. Zaɓi biyu ne kawai a ciki. Na farko: kayan da aka dawo min da shi ba nawa ba ne, sai a haɗa da hoton lamba. Na biyu: kayan da na aika ne aka dawo da shi, kuma yana aiki, sai a haɗa da bidiyo. Ta dubi keken da ke kan teburi, ta dubi ƙyallen, sai ta yi tsalle kamar ƙaramar yarinya.

"Baba, ai ka gama da shi! Ka danna na biyu, in ɗauki bidiyo kana ɗinki. Ya ce ba ya aiki, ga shi yana aiki. Za su goge laifin, su dawo maka da kuɗinka."

Baba ya karɓi wayar ya karanta a hankali, yana bi da yatsa. "Nan an ce kayan da na aika ne."

"To, ai magana ce kawai."

"Ba shi na aika ba."

"Baba, wa ya sani? Na'ura ce fa! Ka faɗa mata gaskiya ta ƙi ji."

Umma ta sa baki. "Malam, haƙƙinka ne za ka karɓa, ba na wani ba. Shi da ya yi ƙarya tsagwaronta an ba shi kuɗi da keke. Kai kalma ɗaya ta gagare ka? Mai gida zai zo karɓar haya ƙarshen wata, jan farce za ka nuna masa?"

Baba ya sake duba zaɓin nan biyu. Ba wai maganar ba ta shige shi ba, ta shige shi har ƙashi, don ya san abin da ke cikin tukunyar gidan da abin da babu. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya yi magana.

"In na danna wannan, na shaida da bakina cewa mutumin nan bai musanya komai ba. Ni zan wanke shi da hannuna. Ya sace min keke, ya kira ni macuci a gaban duniya, sannan in sa hannu in ce abin da ya dawo da shi nawa ne? Wallahi ba zan yi ba."

"Za su rufe shagon, Baba," in ji Nas.

"Na ji."

Ya danna na farko, ya sake tura hoton gindin keke na ranar da ya iso, wanda babu ɗigo. Nas ta fita tsakar gida tana share hawaye, Umma ta koma kicin tana buga tukwane yadda duk layin zai ji. Washegari da safe Baba ya buɗe waya ya duba taurarinsa kamar kullum, ya tarar da farin shafi da layi ɗaya: an rufe wannan shago saboda saɓa ƙa'ida. Aikin shekara uku ke nan. Abin takaicin, gaskiya ba ta da gurbi a takardarsu sai da hoton lamba, ƙarya kuwa bidiyon minti ɗaya ya ishe ta.

Bai tsaya nan ba, don taurin kan Baba ba na wasa ba ne. Ya naɗe keken da ya gyara, ya kwafi adireshin da ke jikin kwalin, ya biya kuɗin mota daga aljihunsa ya mayar wa Mai Fure. Ya sa 'yar takarda a ciki: "Ga kekenka, na gyara. Ka dawo min da nawa." Umma ta ce wannan kam ya wuce gaskiya ya shiga wauta. Ya ce kayan wani ba zai ci gaba da kwana a garejinsa ba, kuma ko ɓarawo ne ai yana da sauran kunya.

Mako uku duk motar da ta tsaya a layin sai ya leƙo. Ya rubuta "Ana gyaran keken ɗinki" a jikin kwali ya rataya a ƙofar gareji, aiki na zuwa jefi-jefi, yau bel, jibi allura.

Ran nan da yamma Nas ta biyo daga wurin aiki, ko jaka ba ta ajiye ba ta miƙa masa wayarta. Fuskarta kawai ya kalla ya san ba alheri ba ne. Shafin Mai Fure ne a manhajar, ashe shi ma yana sayar da kaya. Ga keken da Baba ya mayar masa an sa a kasuwa, an rubuta a ƙasa: "Gyaran ƙwararre, ɗinki garanti, duba ƙyalle." Ga farin ƙyallen nan a ƙarƙashin allura, ko cire shi bai yi ba. A saman shafin taurari biyar ne cif.

Umma ta leƙo ta kafaɗarsa, ta saki salati, ta shiga jero wa Mai Fure addu'o'in da ba a maimaitawa. Baba ya ƙura wa hoton ido. Ya gyara tabarau, ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton yadda Nas ta koya masa, har ƙyallen ya cika fuskar wayar. Ya bi layin farko da ido, ya bi na biyu, ya bi na uku.

"Nas," ya ce, "duba da kyau, idona ya cika da ruwa. Akwai inda ya tsallake?"

Ta duba. "Babu, Baba. Ko ɗaya."

Ya miƙa mata wayar, ya jawo gwangwanin noti gabansa.