Goron da ke Gadin Rufin Zailani

Da kaina na fara gaisawa da rufin gidan Zailani. Ina hawa tsani na miƙe da sallama, wani katako ya amsa mini a goshi, hulata ta zarce ƙasa ta faɗa bokitin fenti. Matarsa Luba ta leƙo daga kicin ta ce, "Sannu Alhaji, an fara aiki ke nan?"

Zailani direban bas ne, shekara goma sha tara yana ratsa unguwar Whitechapel a Landan kafin ya mallaki wannan gidan na unguwar Ilford. Amma ɗan magina ne daga Zariya, a kan jinka da azara ya girma. Da ya ji mahaifiyarsa za ta zo ta zauna, ya ce saman silin ɗin nan da suke tara akwatuna shi zai mayar ɗaki, su koma can su bar mata na ƙasa. Injiniya ta zana, hukumar council suka amince, saura a cire tsofaffin katakan da suka tokare rufin a zura ƙarfe. Tsakanin cirewa da zurawa kuwa, rufin gaba ɗaya yana kan turakun wucin gadi, 'ya'yansa uku suna kwana a ƙarƙashi.

Sai ya kira gayya. A masallacin Regent's Park ya tare mu bayan Juma'a, ranar Asabar muka hallara mu bakwai, har da likita biyu, akanta, malamin jami'a, kowa da shawara, babu mai guduma. Dakta Muhsin har da safar tiyata.

Zailani bai kula mu ba. Yana ta ɗaure turaku yana ƙwanƙwasa su yana sauraro kamar mai zaɓen kankana. Abin da bai gaya mana ba shi ne dabarar mahaifinsa: a kafa sanda a ƙarƙashin babban katakon, a ɗora goro a kanta har ya taɓa katakon. Rufi ya sauko ko da kaurin farce ne, goron zai dare.

Ni dai na juya na ga farin goro, sabo fes, a Landan, babu mai shi. Na zare shi na ɓara, na jefa rabi a baki, na mayar da rabin don ina da tarbiyya.

Zailani ya waiwayo ya ga ɓari guda.

"Innalillahi! Kowa ya sauka! Luba, fitar da yara!"

Ban taɓa ganin ilimi yana gudu haka ba. Malamin jami'a ya sauko tsani da ciki, Dakta ya tsallake akanta, Luba ta fito titi da tukunyar miya a hannu, ƙaramar 'yarsu Zarah tana ta "Is it falling, Baba?" Zailani ya tsaya a ƙofa yana ƙirga kawuna, idonsa a kan rufin. Minti goma, ko tayil ɗin rufi ɗaya bai motsa ba.

Can ya dubi bakina yana motsi.

Na haɗiye na ce, "Haba mutumina, a kan goro ɗaya? Gobe in kawo maka kwando."

Ya ce, "Alhaji, duk cikin gayyar nan goron nan kaɗai ke aiki, shi ka zaɓa ka cinye."