Tafintar da Na Yi wa Yaya

Da muka je sarin kaya ƙasar waje, a masaukinmu na titin Liuhua Lu ɗaki ɗaya muka kama da yayata, shi ya sa na lura. Matar da takan yi fashin salla mako guda cur, ga ta a kan darduma tun kwana na biyu. Na ce, "Yaya, lada kike so ki fi ni?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce wata shida ke nan jinin ɗan ɗigo ne kawai. Shekararta arba'in da shida, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba ta cire rai ba.

Akwai wata dattijuwa Ba'indiya a hawan benen da muke, mai sarin yadi, wadda ta san maganin gargajiyarsu, Ayurbeda. Na kai Yaya wurinta. Ba ta jin Turanci, ni ce bakinta. Matar ta kama hannunta ta daɗe tana jin bugun jini, ta duba harshe, ta tambayi barcinta da cimarta. Ta ce ta riƙa cin baƙin riɗi da mazarƙwaila, ta sha jiƙon hulba, ta shafa man riɗi mai ɗumi a mara, ta bar ruwan sanyi. Sannan ta dube ni ta ce, "Wannan zai sa jikinta ya yi daɗi ne kawai. Al'adar ce ke shirin ɗaukewa. Ki gaya mata a hankali."

Yaya ta ja gefen mayafina. "Me ta ce?"

Ni da ake ce wa mai baki kamar reza, sai na ji bakina ya ce, "Ta ce in kin dage zai dawo."

Ta dage kuwa. Rannan a kasuwar Shahe zafi kamar ya kashe mu, na miƙa mata ruwan sanyi ta ƙi. Muka koma Kano, shekara biyu tana soya riɗi. Kullum nakan ce gobe zan faɗa mata, goben ba ta zo ba. Tsoro ne, ba tausayi ba, na san wannan yanzu, kuma ina jin kunyarsa.

Da jinin ya ɗauke gaba ɗaya ta zo gidana, ta zauna a bakin gado. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

"Kada ki ga laifin matar nan," ta ce. "Ni ce. Ranar bikin 'yarki na sha ruwan ƙanƙara, ban gaya miki ba."