Wasan Kwaikwayo a Gidan Takaba

Shekarun baya ne, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Ina tsakar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi ina tankaɗen garin tuwo, maƙwabciyata ta shigo ko sallama babu. Ta karɓi rariyar daga hannuna ta ajiye, ta ce, "Zauna tukuna." Alhali a zaune nake. Daga nan na gane. Maigidana direba ne, yana lodi daga tashar Unguwa Uku zuwa Zariya, a kan wannan hanyar Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ya bar ni da 'ya'ya biyu, yarinya 'yar aji biyar a wata firamare a Tarauni, da ƙanenta na goye. Yarinyar ita ce ta fari. A tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. Saboda haka Abbanta ne abokin hirarta. In ya dawo sai ta bi bayansa tana kwaikwayon tafiyarsa, da gyaran muryar da yake yi a zaure kafin ya yi sallama. Shi kuwa ya yi ta dariya yana cewa, "Wata rana 'yar nan za ta ƙwace mini gida."

Bayan rasuwar sai ta yi shiru. Ba kuka take yi ba, magana ce ta ɗauke. Da safe ta sa kayan makaranta, ta je bakin zaure ta tsaya, ta dawo ta zauna. Ni kuma ina takaba, ba halin in kama hannunta in kai ta.

Da Baffanta, wan mijina, ya zo daga ƙauye sadakar arba'in, ya daɗe yana kallonta. Mutumin kirki ne, tausayinta ya ji. Ya ce mini daga bayan labule, "Yarinyar nan ƙarewa take yi. Tunda makarantar ma ba ta zuwa, in na gama shuka zan zo in kai ta wajen kakarta Inna."

Na san in ta tafi karatu ya ƙare, ni ma kuma ta bar hannuna ke nan. Amma uwa ba ta jayayya da dangin uba a kan 'yar fari. Na ce, "Ai taku ce, Yaya."

A cikin kwanakin ne malamarsu ta Hausa ta zo mini ta'aziyya, 'yar gajeruwar mace, da ƙurar alli a gefen mayafinta. Ita ce ke tara yara bayan an tashi tana koya musu wasan kwaikwayo. Ni ce kuwa da can nake mita, wai an tura yara neman ilimi ana koya musu shirme. Ta fito da wani ɗan littafin labarai ta miƙa wa yarinyar.

"Ummanki ba ta fita, ba ta da abokin hira. Kullum bayan la'asar ki karanta mata ko shafi ɗaya ne."

Da za ta tafi ta raɗa mini, "Ke kuma kada ki kuskura ki nuna kin iya karatu."

Haka na zama jahila da gangan, ni da na gama firamare har ina taƙama da ita. Da fari leɓenta kawai ke motsi. Sai in ce, "Ban ji ba, me tsohuwar cikin labarin ta ce?" Ta ɗaga murya kaɗan. In sake cewa ban ji ba. Rannan haushi ya kama ta, ta ce da ƙarfi, "Haba Umma, kunnenki ne ya toshe?" Ban taɓa jin daɗin rashin kunyar yaro irin na wannan rana ba.

Da Malama ta dawo ta ji karatun, ta ce mata, "Ina da matsala. Mazan ajinku duk sun gudu ƙwallo, wasanmu babu maigida. An ce mini ke ce gwanar kwaikwayo."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni ba zan je makaranta ba."

"Wa ya ce ki je? Makarantar ce za ta zo."

Suka riƙa haɗuwa da ƙawayenta a gidan maƙwabciyata suna gwaji, wai kada in gani tun kafin ranar. Ta haka ta fara ƙetare zauren nan. Ana cikin haka saƙon Baffa ya iso. Na ce wa Malama, kamar ina ba ta labarin wasu, "Ranar Asabar Baffanta zai zo ya tafi da ita."

Ta dube ni. "Ke kuma me kika ce?"

"Me zan ce, Malama?"

Ta gyara mayafinta ta ce, "To mu ma ranar Asabar za mu zo."

Ranar, Baffa yana zaure a kan tabarma, an ɗaure kayan yarinyar a ƙullin zane. Malama ta shigo da 'yan mata, matan maƙwabta suka cika tsakar gida. Yarinyar da kanta ta je ta durƙusa gabansa, ta roƙi rigar Abbanta da hularsa, domin ba a raba gado ba, sai da izninsa.

Ina jin sa yana cewa, "Kayan mamaci za a yi wasa da su? A gidan da ake takaba?"

Ta ce, "Ai yana ba ni in sa, Baffa."

Tun rasuwar bai ji muryarta ba. Ya ce, "Ɗauki hular kawai."

Aka cusa tsumma a hular don kada ta rufe mata ido, aka aro riga a maƙwabta, aka zana mata gemu da gawayi. Wasan na wani maigida ne mai cika baki, matarsa ta kwanta ciwo, ya ce tuwo ai ba wani aiki ba ne, shi zai tuƙa.

Sai aka yi gyaran murya daga bakin zaure.

Ba zan iya faɗa muku abin da na ji ba. Na dai san na gyara ɗankwalina. Yarinyar ta shigo da tafiyar Abbanta, kafaɗa ɗaya a karkace irin ta wanda ya wuni a kan sitiyari, ta ce, "Wai ina mutanen gidan ne?" Na ga labulen zaure ya ɗaga, Baffa yana tsaye.

Ita kuwa ta ci gaba. Ta kama muciya a juye, ta zuba gari a ruwan sanyi, tana yi wa mai jinya faɗa wai tukunyarta ce ba ta da tarbiyya. Mata suka fashe da dariya. Ni ma na toshe baki da mayafi, dariya na fita, hawaye na fita, ban san wanne zan tare ba.

Maigida ya ɗebo tuwon zai kai baki ke nan, hadarin da ya haɗo tun azahar ya sako. Yara suka watse da ihu, gemun gawayi ya bi ruwa. Baffa ya kira ta zaure. Ya cire hular ya juya ta a hannunsa, ya mayar mata a ka. Sannan ya ɗaga murya yadda zan ji.

"A kwance kayan nan. Ta koma makarantarta. Inna ni zan yi mata bayani."

Na ce, "Yadda ka ce, Yaya." Na shiga ɗaki na sa goshina a ƙasa.

Ranar Litinin ta bi ƙawayenta makaranta. Yau ma'aikaciyar jinya ce, da 'ya'yanta.

Abin da na riƙe shi ne, yaro yana da maganar da ba zai iya faɗa da bakinsa ba sai an ara masa na wani, ko a littafi ko a wasa. Ni uwa ban san haka ba, malamar ta sani. Shi ya sa in jikokina suka ce suna da wasa a makaranta, ni nake fara nemo musu tsofaffin zannuwa.

Malama da yaranta sun yi wasan cikakke a makaranta ranar ba da hutu, ina cikin takaba ban je ba. Na ƙudura ranar da na fita daga takaba gidan Malama zan fara zuwa. Kafin lokacin an yi mata canjin wurin aiki, wasu suka ce aure ya kai ta wata jiha. Na yi cigiya ban dace ba. Ina sa ta a addu'a, amma har yau ban yi mata godiya ba.