Ƙirjin Rahama Mai Wankan Jego

Da sunan Allah nake buɗe bakina. Mastura, riƙe alƙalamin nan da kyau, ki rubuta yadda maganar ta fito, kada ki gyara mini. Na san labarin uwarki ne, amma matan unguwarmu ta Bani Malik za a karanta wa, ba ke kaɗai ba.

Ni ce Inno. Ɗana Zaharadden ke auren Mastura, wannan da ke rubutun, ita kuma 'yar Rahama ce. Ba shi ne ɗan fari ba, shi ya sa kuka ji na kama sunansa.

Wadda duk ta haihu a unguwar nan cikin 'yan uwanmu ta san hannun Rahama. Daga wani ƙauye ta fito can wajen Daura. Umra suka zo da mijinta, rai ya yi halinsa a nan Jidda, ita kuma ta ce ba ta barin ƙasar da aka rufe shi. Wankan jego ya zama sana'arta. Da sassafe za ki gan ta tana karyar ganyen darbejiya a bakin titi, ta hau bene, ta ɗora babbar tukunya a kan gas. In maijego ta fara kuka sai ta ce, "Yalla, miƙe! Lokacin da kike ɗauko cikin ai ba ki kira ni ba." Hannunta kamar taɓarya. Amma kunya, ban taɓa ganin irin tata ba. In Zaharadden ya shigo tana cin abinci sai ta rufe kwanon ta juya bango. Sunansa kuwa bai taɓa fita bakinta ba, sai dai "yaron nan".

Da Mastura ta haihu, Rahama ce ta zo yi mata wanka. Ina tsaye bakin ƙofar banɗaki sai na ga da hagu take tsoma ganye, hannun dama na manne a jikinta. Matar da ke ɗaga tukunya ita kaɗai, yau sai da ta ce in kama mata.

Na ce, "Hajiya, lafiya kuwa?"

Ta ce, "Ƙirji ne, Inno. Zai wuce."

Ƙirji ne ya ɗauke mahaifina, tari ya yi ta yi har ya koma kamar kara. Na kasa kunne ko zan ji ta yi tari, ban ji ba. Rashin tarin ma sai ya fi ba ni tsoro, don ban san me zan ji wa tsoro ba.

Na matsa mata har ta yarda a je asibiti. Mastura ba ta fita, tana jego. Zaharadden ne ya kai mu wani ƙaramin asibiti a unguwar Sharafiyya, shi da ya yi boko a gida kafin ya zo ya kama aikin sito a tashar jiragen ruwa. Likitan namiji ne, ɗan Indiya, Larabcinsa bai fi nawa ba, sai suka koma Turanci.

Zaharadden na kallon ƙasa ya ce, "Inno, ki tambayi Umma ina ne ke mata ciwo."

Ga ta nan kusa da shi fa, amma sai ta wajena. Rahama ta raɗa mini ta cikin niƙabi, "Ki ce masa ƙirji."

Na ce, "Ƙirji."

Ya juya ya ce wa likita, "Ces."

Kalmar ke nan, ban manta ba. Likita ya ɗora abin saurarensa a bayanta, ta kan abaya, ya ce ta ja numfashi. Aka ɗauki hoto. Ya ɗaga hoton ga fitila ya nuna mana haƙarƙari reras, ya ce tas yake, gajiya ce. Ya ba da ƙwayoyi. Muka fito muna alhamdulillahi, har Zaharadden ya tsaya ya sayo mana gasasshiyar kaza.

Amma Rahama ta ci gaba da zubewa. Muna sallah kusa da juna, in ta yi kabbara hannun daman nan ba ya kai kunne, a kafaɗa yake tsayawa. In za ta yi sujada sai na ji ta ja iska ta haƙori. Allah Ya yafe mini, na daina sanin raka'a ta nawa nake, hannunta kawai nake kallo. Na ce ko sammu ne, ko iska. Na kawo zamzam, na kawo habbatussauda. Hoto ya ce babu komai, to me ke cin matar nan?

Wata rana bayan azahar na je ɗakinta. Na yi sallama na tura ƙofa ban jira ba. Ta fito wanka ke nan da ɗaurin ƙirji, ta yi wuf ta rarumo mayafi. Amma na riga na ga tsumma a ƙasa, da wani ruwa-ruwa a jikinsa.

Na ce, "Kwance zanen nan."

"Haba Inno."

"Kwance, ko in kwance miki. Matan unguwar nan duka kin ga tsiraicinsu, yau a ga naki."

Ta kwance.

Mastura, daina kukan, rubuta. Nonon dama ne. Wani ƙullutu a ciki mai tauri kamar ƙwallon goruba, fatar wurin ta yi kamar ɓawon lemo, kan ya shige ciki. Na zauna a ƙasa. Innalillahi kawai nake iya cewa.

Na ce, "Rahama, wannan ne ƙirjin?"

Ta ce, "To me zan ce a gaban yaron nan? Ina cewa likita zai gane. Ba haka ake faɗa ba?"

Haka ake faɗa kam. Mace mai kunya ƙirji take cewa, mai ji ya gane. Ta kama hannuna wai in rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na ce ban rantse ba, kuma ba zan rantse ba.

Da la'asar Zaharadden ya dawo daga tasha, ko takalmi bai cire ba na tare shi.

"Kalmar nan da ka faɗa wa likita, me take nufi?"

"Ces? Ƙirji ke nan, Inno."

"Ta haɗa da nono?"

Ya yi tsaye kamar an dasa shi. "Inno!"

"Ka sha shi har ka ƙoshi, jin sunansa ba zai kashe ka ba. Na ce ta haɗa?"

Ya ce a'a. Wai in ka ce wa likita haka, ƙashi da huhu da zuciya zai nema, na mace da na namiji duk ɗaya. Har babban akwatin katako, irin wanda ake zubo ganyen shayi a da, wai da sunan suke kiransa. Wancan da na tambaya kuwa sunansa daban. Yana faɗa ya gane. Ya zauna a matakala ya dafe kai.

Washegari muka nemi likita mace, wata 'yar Sudan. Zaharadden ya tsaya a waje. Ni kuwa na gama yarda da kowane yare, Hausa ko Larabci ko Turanci. Na kama hannun daktora da kaina, na ɗaga mayafin Rahama, na ɗora shi a wurin. Ina kallon fuskarta. Murmushin da ta tarbe mu da shi ya tafi. Ta tambaya tun yaushe.

Ciwon daji ne. Ranar da aka shiga da ita ɗakin aiki, carbina ya tsinke a hannuna don ja, 'ya'yan suka watse a ƙasan asibiti, na bi su da rarrafe ina tsinta ina kiran sunan Allah. An cire nonon gaba ɗaya.

Da ta dawo gida ta fara shan kunu, na ba ta labarin akwatin nan don ta yi dariya. Ba ta yi dariyar ba, ta ce, "Ashe shi ya sa. Sun buɗe akwati sun leƙa ciki, ba wanda ya dubi marfin." Ta shafa gefen da ya zama fili ta ce, "Yanzu kam in na ce ƙirji ban ɓoye komai ba."

Daktora ba ta ce halas, an warke, ba tukuna. Ta ce abin ya taɓa hammata, sai an yi ta ƙarin ruwan magani, sannan a gani. Gashin Rahama ya zube, tukunyarta na kife a saman firij. Jiya wata mai tsohon ciki ta aiko tana tambaya ko za ta samu wanka, Rahama ta ce a ce mata in sha Allahu. Ni dai har yanzu a damanta nake tsayawa sallah, kuma har yanzu ina satar kallon hannun.

Ku sa ta a addu'a, ku da ta wanke.

Mastura, karanto mini wurin da na tura ƙofa. A'a, ban ce ƙirjin dama ba. Na san uwarki ce. Goge, ki sa abin da na faɗa. Yauwa. Kawo takardar, ɗora mini yatsana a kan kalmar. Ban iya karatu ba, amma ina so in san tana nan.