Na Hana Daka Saboda Kunnen Sabo

Salamu alaikum. Mu nan Zandam, maigidana Malam lafiya lau, ƙafata ma da sauƙi. Sabo ne ba lafiya, ɗanmu mai aikin kashe gobara a Birnin Kudu.

Tun da tukunyar gas ta fashe kusa da shi, kunnensa ke ƙara kamar kukan gyare, ba tsayawa. Da ya dawo gida jinya, na hana daka, na kashe rediyo, na tura jikoki garin Maruta, don ya huta.

Jiya na same shi a zaure ya dafe kai.

Ya ce, "Inna, ina turmi?"

Na ce, "Na hana daka saboda kai."

Ya ce, "Don Allah a dawo da shi. In gida ya yi tsit, ƙarar kaɗai nake ji. Likita ya ce hankalina zan horar, in riƙa kama wani sauti ina bin sa, har ita ta ja baya."

Ashe ni na ƙara masa wahala. Na ɗauko taɓarya, ina daka ina hawaye.

Malam bai yarda da wannan horo ba. Ya ce ran Asabar zai kai shi a ɗiga masa magani mai zafi a kunne. Ni tsorona kar ya kurumce.

Wanda ya taɓa ganin horon nan ya yi amfani, don Allah ya rubuto kafin Asabar. Yanzu na iya karatu, da bakina zan karanta wa Malam.